Kongar Mando da Ladancin Baba

Kun sha jin Gwaggonku Asabe tana cewa ni na raba kakanku da ladanci, kuma duk ranar da ta faɗa sai ku dube ni, ni kuma in kama gyaran hula. To yau zan faɗa muku da kaina, tunda ciwon ƙafa ya hana ni tuƙi, zama kuma bai taɓa karɓata ba. Da Hausa zan rubuta. Na san Larabci ya fi muku sauƙi, musamman kai Musa da ba ka iya yin magana uku ba ka tsoma "ya'ani" a ciki ba, amma kakanku da Hausa ya yi maganar nan, ba zan juya masa ita ba. Ku sha wahalar karatu, ni ma na sha ta rubutu.

Shekarar da aka haifi Maryam ce. Muna zaune a unguwar Hindawiyya ta Makka, a gidan Baba, ni da mahaifiyarku a ɗakin sama, Baba da Inna a ƙasa. Baba dukanci yake yi a wani ɗan shago a bakin layi, yana ɗinkin takalma da jakunkunan alhazai, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ba albashi ake ba shi ba. Mutanen unguwa ne suka ji muryarsa suka miƙa masa mabuɗin masallaci, shi kuwa ya riƙe mabuɗin nan fiye da yadda ya riƙe shagon. In kun ji an ce Malam Musa Ladan, to iyakar abin da ya mallaka a Makka ke nan, sunan nan. Ni kuma ina tuƙa tasi tsakanin Makka da Jidda, sawu uku, wani lokaci huɗu a yini. Ba neman arziki ne ya sa ni wannan zirga-zirga ba, na kasa zama ne kawai. In na dawo gida na ci abinci, kafin a kwashe kwano na fara laluben mabuɗin mota. Mahaifiyarku takan ce kamar an zuba mini ƙaiƙayi a wurin zama.

Abin da ya fi damun mutane da ni shi ne yatsuna. Tun ina ƙarami ba su san hutu ba: faranti, ƙofa, bayan allo, gwiwar wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni. Baba mutum ne mai sanyi, ban taɓa ganin ya ɗaga hannu a kan wata ɓarna da muka yi ba, amma ranar da ya same ni ina kaɗa gwangwanin madara a tsakar gida ya doke mini hannu har ya kumbura. Ya hana ni zuwa mizmar, wasan sanda da ganguna da samarin Hijaz suke yi lokacin salla, alhali duk sa'o'ina suna can. Ina zuwa a ɓoye, har na iya kiɗansu daidai gwargwado. Na ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya kawo wa Baba wannan zafi, tunda a lokacin kiɗa abin kunya ne a Makka, mai kaset ma sai ya ɗage gilashin mota kafin ya kunna. Ku da kuke sayen tikitin kallon mawaƙa a waya yanzu, da wuya ku gane wannan.

A Jidda akwai garejin da nake kai motata, kuma makanikin da ya fi kowa sanin cutarta wani ɗan Filifin ne, Kirista, ana ce masa Mando. Wata rana na shiga na tarar yana ƙarƙashin wata mota, rikoda a gefensa tana ta aiki. Jita ce take kuka a sama kamar za ta tsaga lasifika, amma ni ba ita na ji ba. A ƙarƙashinta akwai wata ganga da take tafiya tana ɗingishi, ta ƙi sauka inda kunnena yake jiran ta sauka, sai ta wuce ta faɗo a gaba. Na tsaya da mabuɗi a hannu har kaset ya ƙare. Mando ya fito yana goge baƙin mai, ya ga fuskata, ya yi dariya ya ja ni ɗakinsa a bayan gareji. Ganguna biyu ne a tsaye, jajaye, dogaye kamar turmin Inna, fata a sama kawai, an kama ta da zoben ƙarfe da notuna. Ya ce sunansu konga, kiɗan kuma rok ne na mutanen Latin Amurka, kuma kafin ya zo gyaran mota shi yake kaɗa su a otal-otal na ƙasarsu. Ban nemi izini ba na zauna na kai hannu. Bai bar ni na yi nisa ba ya riƙe mini wuyan hannu, ya yi mini magana da Larabcinsa na gareji.

"Sadik, la. Inta kullu dug, dug, dug. Wahid mafi saut."

Sadik ɗin aboki yake nufi. Wato ni komai duka nake yi, alhali ɗaya ba a jin ta. Ya nuna mini. Huɗu ake ƙirgawa. A ɗaya, tushen tafin hagu kake ɗorawa a kan fata a hankali kamar mai lallashin jariri, sannan yatsu su biyo. A biyu dama ta kai mari, busasshe, a taƙaice. A uku hagu ta sake lallashi. Sai a ƙarshen huɗu dama ta saki bugu biyu a buɗe, su ne suke ɗaukar jita da mawaƙi da kowa su jefa gaba. Ni kuwa hannun mizmar ne da ni, wanda a kan ɗaya yake sauke duk ƙarfinsa. Duk niyyar da na ƙulla, da an zo wurin sai dama ta faɗa ciki ta cika shi.

Wata biyar na yi ina wannan kokawa da hannuna. Na daina ɗaukar fasinjan azahar, saboda lokacin ne gareji yake rufewa, Mando ya samu sarari. Tafina ya kumbura, ya tsage, ya yi kanta. Sitiyari ya zama konga, gwiwata ta zama konga, ko Maryam na ɗauka bayanta nake kaɗawa har mahaifiyarku ta ƙwace ta. Wata tsohuwa 'yar unguwar Nakkasa da na ɗauko ta gaji da ni tun kafin mu fita gari.

"Ɗan nan, in biki za ka kai mu ka faɗa mana mu yi kwalliya. In kuwa asibiti ne kamar yadda muka yi da kai, to riƙe abin nan da hannu biyu."

Sai wata Laraba hannun ya yarda. Ban san yadda aka yi ba. Mando ya sa kaset, na bi, aka zo ɗaya dama ta tsaya a iska ta bar wurin, kiɗan ya ɗauke ni da kansa har ƙarshen waƙa. Mando ya tashi ya rungume ni da baƙin mansa. Ku riƙe wannan, don yana da muhimmanci: daga ranar ban sake cika gurbin nan bisa kuskure ba.

Ba a daɗe ba aikin Mando ya ƙare, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, saura mako biyu ya koma gida. 'Yan ƙasarsu za su yi masa walima a gidajen kamfaninsu, za su yi kiɗa, ya ce yana so in riƙe masa konga ɗaya. Shi da yake ba Musulmi ba ne, ba shi da ikon wuce shingen Shimesi ya shigo Makka, ni kuma azahar ɗaya a yini ba ta ishe ni ba, don haka ya ba ni ƙaramar ya ce in tafi da ita in yi ta maimaitawa. Ya ce ta yayansa ce da ya rasu, da ita zai koma. Ya nuna mini sufana ya ce duk na gama bugu in sassauta notuna, fata ba ta son zafi a ɗaure. Na ce ɗayyib, na ji. Gida ba ta shiguwa, sai na bar ta a but ɗin mota, in na samu fili a tsohuwar hanyar Jidda in fito da ita a inuwar dutse. Sassautawa kuwa ban yi ba, saboda a ɗaure marin ya fi fita, ni kuma marin nake so. Ranar Juma'a na ajiye mota a rana na tafi masallaci, daga nan na bi wani aboki cin abinci. Da na buɗe but da la'asar, fata ta tsage gida biyu daga baki zuwa baki.

Na zaga Jidda kamar wanda ya ɓatar da ɗa, ba mai sayar da irin fatar nan. Fuskar Mando kuwa na kasa zuwa in kalla. Sai wayo irin nawa ya ce mini ai fata fata ce. Na je wurin wani mahauci a Utaibiyya na karɓo fatar rago, na jiƙa ta a bahon wankin Inna a saman bene, na kankare gashin da reza, na ɗaura yadda na ga dama. Da ta bushe na kai mata mari ɗaya ta yi kuka kamar kwali, na ƙara noti ta yage. Ina durƙushe a kanta Inna ta hau shanya.

"Idi, ashe kai ne ka cika mini gida da wari." Ta dubi gangar, ta daɗe tana dubanta. "Fatar rago ba ta ɗaukar wannan. Ta sa ake sa wa mai irin wannan bakin."

"Ina kika san wannan, Inna?"

Ta ajiye kwandon shanya ta zauna a bakin matakala, abin da ban taɓa ganin ta yi da rana ba. Ta ce Baba ɗan gidan makaɗa ne a wani ƙauye na ƙasar Kano, gangar noma suka gada kaka da kakanni, su ake kira in za a yi gayya. Da gangarsa ya taso zuwa hajji a ƙafa, da ita ya ciyar da su shekara bakwai a hanya, yana kaɗa wa masu tsinkar auduga a Sudan. Ta ce a hanyar nan ya ga iyakarsa: ana rawa da kiɗansa, amma in an zo cin abinci a ware masa kwano, in ya yi gaba a sahu a ja shi baya. Da suka iso bakin teku ya ba wani gangar kyauta, ya rantse da Allah hannunsa ba zai sake dukan fata ba, ya ce 'ya'yansa ba za a kira su 'ya'yan makaɗi a garin Manzo ba. Ta ce duk Hindawiyya ita kaɗai ta sani, yanzu ga ni na biyu. Ina jin ta ina kallon tafin hannuna. Haushi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Shekara talatin ina zaton wani aibu ne a jikina, ashe barewa ce ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na sami Baba a shago yana huda takalmi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa komai, har da abin da Inna ta faɗa. Bai ɗago ba sai da ya ja zare ya ƙulle.

"Ta wane ne?"

"Ta wani Kirista ce, Baba, ɗan Filifin. Ta yayansa ce da ya rasu."

"Aro ya ba ka?"

"Aro ne."

"To amana ce ke nan." Ya juya basilla a hannu. "A kan bugu na rantse, ban rantse a kan ɗauri ba. Zan ɗaura masa fatarsa, ya walad, amma hannuna ba zai buga ba. Halas, shi ke nan. Kada ka sake kawo mini maganar."

Da kansa ya je mayanka ya zaɓo fatar sa. Ya ɗaga ta a haske yana neman inda ba tabon kaska ba na wuta, ya yanko daga gefen gadon baya. Ya jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare ta da wuƙarsa ta dukanci har ta yi kauri ɗaya ko'ina, ya naɗe ta a zoben ƙarfe tana da danshi. Da na miƙa masa sufana ya juya ta ya yi murmushi, ya ce su da tsarkiya suke ja, Turawa komai sai sun sa masa noti. Ya hana ni kai ta rana, ya ce rana ce ta kashe ta farko, a inuwa za ta bushe a hankali. Kwanakin nan ban yi aikin kirki ba. In kai fasinja rabin gari in juyo, in hau bene in taɓa ta da ɗan yatsa, in sauko. Shi ma na lura yana hawa, wai duba tankin ruwa.

Ana gobe walimar Mando, bayan la'asar, ya ce ta yi. Muka hau mu biyu. Ya zauna a tabarma nesa da ita, ya sa carbi a dama, hagu kuma ya danne ta a ƙarƙashin cinya. Ya ce in taɓa a hankali ya ji. Ina taɓawa yana nuna noti da haɓa, ƙara wannan, sassauta wancan, har fata ta buɗe murya, ta fi ta da zaƙi nesa ba kusa ba. Aiki ya ƙare ke nan. Abin da ya rage in sa ta a buhu in sauka da ita. Ga abin da Gwaggonku ba ta sani ba, ko mahaifiyarku sai yau za ta ji. Na dubi hannun nan da ya danne a ƙarƙashin cinya, na ce a raina ba zan mutu ban ji shi ba. Sai na fara kiɗan Mando, kuma ina sane na sauke dama a kan ɗaya na cika gurbin. Na ga girarsa ta motsa. Na sake.

"Kana taka wa manoma ƙafa," ya ce. "Wurin nan ba naka ba ne, nan garma take sauka. In ka cika shi, ina za su sara?"

"Ban gane ba, Baba."

Na gane sarai. Na sake cikawa, na uku, na huɗu, ina ƙara ƙarfi. Ban ga lokacin da ya taso ba, na dai ji an janye konga daga tsakanin gwiwoyina. Ba gula, da tafin hannu ya yi. Ya fara da kiɗan Mando, wanda bai taɓa ji ba sai a gurguje daga hannuna, ya daidaita shi a zagaye biyu, sannan ya zarce wani abu da ban sani ba, mai nauyi, mai faɗi, har ina jin mutane a jere suna sunkuyawa suna ɗagowa. Idonsa a rufe, carbi a ƙasa. Bai fi tafasar shayi ba duka duka. Amma kun san Hindawiyya, bene yana jingine da bene, tari ma in ka yi maƙwabci zai ce sannu. Mata masu kwashe shanya suka tsaya. A tagar da take kallonmu Alhaji Sale ne, wani dattijo ɗan ƙasar su Baba, yana tsaye yana share hawaye da hannun riga. Baba ya buɗe ido ya gan shi, ya dubi tafinsa, ya yi istigfari, ya sauka ya yi alwala ya tafi kiran magariba.

Alhaji Sale ba da mugunta ya yi ba. Washegari a ƙofar masallaci ya kama hannun Baba a gaban jama'a ya ce shekara arba'in bai ji gangar noma ba sai jiya, kuma ya gane hannun, ya faɗi sunan gidan su Baba da na kakansa. Daga nan magana ta fita hannunsa. Ba wanda ya zo ya ce Baba ya sauka. Sahu ne ya fara raguwa, wasu suka koma masallacin bakin titi, aka fara cewa a shagon shayi wai makaɗi ne yake kira mana salla. Wani ya kawo gyaran takalmi ya ce a gaishe da sarkin kiɗa. Baba ya yi azumin kaffarar rantsuwarsa kwana uku, a rana ta huɗu ya kai wa liman mabuɗi da hannunsa. Ni kuwa na kai wa Mando kongarsa, ya buga fata ya ce wane ne ya ɗaura wannan, yana so ya gode masa, na ce yana Makka, ba za ka iya zuwa ba. Na yi kiɗa a walimar, ban kuskure ko sau ɗaya ba, ban kuma ji daɗin komai ba. Zirga-zirgata ta ƙaru, don yanzu har da gudun gida. Gudun me nake yi? Baba in lokacin salla ya gabato sai ya miƙe ya laluba aljihu, ya tuna, ya koma ya zauna. Sau biyar a yini, kuma na kasa kallo.

Kowa a gidan ya ɗauka tsautsayi ne: ɗa ya kasa kiɗa, uba ya manta kansa. Na bar su a haka fiye da shekara. Sai da jikinsa ya fara rauni ya daina fita shago, wata rana da yamma muna zaune a ƙofar ɗakinsa, ni da shi kawai, na ce akwai abin da nake so in faɗa masa.

"Baba, ranar nan a bene, na iya kiɗan. Ina sane na ɓata shi."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Wanda bai iya ba, wuri dabam-dabam yake kuskurewa. Kai wuri ɗaya kake ta dannawa kana kallona." Ya gyara zaman ƙafarsa. "Na ga tarkon, Idi. Da ido biyu na shiga."

"Ka yafe mini, Baba."

"Kai na yafe maka tun muna saman benen. Abin da na kasa yafewa shi ne daɗin da na ji. Na yi kaffarar rantsuwa, amma har yau ban iya cewa Allah na yi nadama ba, don Ya san ƙarya zan yi."

Sabon ladan ya kunna lasifika ya fara kiran la'asar. Baba bai miƙe ba a wannan karon, ƙafa ba ta bari. Leɓensa ne kawai yake motsi, yana riga mutumin kowace kalma, ba murya. Na tashi na ɗauko masa buta, na zuba masa ruwa a hannu yana wankewa.